Amsa: Foldar NAS ta ƙi haɗuwa bayan an koma Ubuntu 22.04

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka da kyau, ka ɗaga kwamfutarka daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04, sai foldar tsohon NAS ɗinka (na'urar ajiyar fayiloli da ake isa gare ta ta hanyar sadarwa) da ke cikin /etc/fstab (fayil ɗin da ke jera abin da za a haɗa lokacin tashin kwamfuta) ta daina haɗuwa, tana ba ka "mount error(22): Invalid argument". Ka kuma ƙara "client min protocol = NT1" a smb.conf kamar yadda wasu suka ce, amma shiru kake ji.

Dole ka ji shiru, domin ƙofar da kake ƙwanƙwasawa ba ita ce a kulle ba. Hanya biyu Linux ke bi zuwa foldar da aka raba ta SMB (tsarin raba fayiloli tsakanin na'urori), kuma ba ruwan ɗaya da ɗaya. Manhajar Files da smbclient suna bi ta manhajar Samba, su ne ke karanta smb.conf, fayil ɗin saitinta. Shi kuwa fstab da umarnin mount -t cifs, kanel, wato zuciyar Linux, shi ne da kansa ke magana da NAS, kuma ko kallon smb.conf ba ya yi. Na sha ganin mutum ya kwana yana sauya layuka a fayil ɗin nan alhali gyaran yana cikin layi ɗaya na fstab.

Kafin ka taɓa komai, buga sudo mount -a, nan take ka bi shi da sudo dmesg | tail. Lambar kuskuren da mount ke nunawa a dunƙule take, ainihin dalilin yana cikin dmesg, mai nuna saƙonnin kanel. Da yake 22 ka samu, ina kyautata zaton layinka na ɗauke da sec=ntlm. Ubuntu 22.04 ya zo da kanel 5.15, kuma a wannan sigar ce aka cire tsohuwar hanyar tantancewa ta NTLM ta farko da LANMAN gaba ɗaya. Kanel bai ma san zaɓin ba yanzu, shi ya sa yake watsi da layin tun kafin ya nemi NAS ɗin. Goge sec=ntlm, ko ka mayar da shi sec=ntlmssp, ka sake gwadawa.

In lambar ta sauya, an ci gaba ke nan. Lamba 13 maganar suna ce da kalmar sirri. Lamba 95 ko 112 yawanci rashin jituwa ne a kan sigar SMB, kuma kada "Host is down" da ke zuwa da 112 ta ruɗe ka, na'urar tana nan a kunne, ƙin amsawa kawai ta yi. Tun daga kanel 4.13, a 2017, Linux ya daina fara magana da SMB1 sai an tilasta masa da vers=1.0. A shekarar ce manhajar ɓarna ta WannaCry ta shiga kwamfutoci ta rauni a SMB1, Microsoft ma ya daina girka shi kai tsaye daga Windows 10 siga 1709, Samba 4.11 ta bi sahu a 2019. Saboda haka ba sabuntawar ce ta lalata maka wani abu ba, NAS ɗin ne aka bari a baya.

Don ka san abin da yake iya ji, gwada nmap -p445 --script smb-protocols tare da adireshinsa. Zai jero sigogin da yake karɓa. Akwai wani NAS da na taɓa dubawa, jerin ya nuna "NT LM 0.12", wato SMB1, shi kaɗai, kowa ya yanke masa ƙauna. Da aka shiga shafin saitinsa sai ga wurin zaɓar siga mafi girma an bar shi a kan SMB1, ga SMB2 a ƙasansa ba wanda ya taɓa dannawa. Can nake so ka fara dubawa, har da sabunta manhajar cikinsa in akwai. In ya karɓi SMB2, ka rubuta vers=2.1 ko vers=2.0 a fstab, magana ta ƙare.

In kuwa SMB1 kaɗai ya sani, vers=1.0 yana aiki har yanzu a 22.04, matuƙar na'urar ta yarda da NTLMv2. Ni dai ba na son wannan hanyar sai a matsayin na wucin gadi, kuma kada tashar 445 ta leƙa intanet ko da wasa. Wanda bai san komai ba sai NTLM ta farko, irin ƙananan rauta masu ramin USB na da, fstab ba zai ƙara haɗa shi ba. Ka kwashe fayilolinka ta Files, a nan ne layin NT1 da ka riga ka sa zai yi amfani, wataƙila sai ka haɗa da "client ntlmv2 auth = no". Ka rubuta smb:// da adireshin kai tsaye, kada ka jira ya bayyana a jerin na'urori.

Tunda ka buɗe fstab, ka tabbata kunshin cifs-utils, wanda mount -t cifs ke amfani da shi, yana nan, ka cire kalmar sirri daga layin ka sa ta a fayil na daban da credentials=, ka yi masa chmod 600. Ƙara nofail da x-systemd.automount don kada kwamfuta ta tsaya jiran NAS lokacin tashi.

In ya ci gaba da ƙi, turo mana layin fstab ɗin da layuka goma na ƙarshe na dmesg, amma ka share kalmar sirrin tukuna.