Shin ya dace a kashe kuɗin gwamnati a gidajen tarihi?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa za a zuba kuɗin jama'a a gidan kayan tarihi alhali asibitoci na kukan rashin magani. Na fahimci damuwarka, amma ni ina ganin ya dace.

Dubi Gidan Makama a Kano, inda Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau sarauta a 1463. Ginin ƙasa ne. Kowace damina sai ta ci rabonta, dole a nemo magina su sake yaɓe. Kuɗin shiga da ake karɓa a ƙofa ba zai ɗauki wannan ba. In kuwa aka tsawwala shi, 'yan makarantar gwamnati ne za su fara daina zuwa. Na taɓa ganin wani yaro ya tsaya gaban tsohon ƙyauren ƙofar ganuwa, yana ta tambayar malaminsu yadda maƙera suka haɗa shi. Allon aji ba zai ba shi wannan ba.

Ingila ma tun 2001 ta mayar da shiga manyan gidajen tarihinta kyauta.

Abin da nake so a matsa a kai shi ne hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta riƙa bayyana nawa ya tafi gyara, nawa ya tafi ziyarar ɗalibai.