Ina za mu kai ɗalibai yawon buɗe ido a Bauchi?

Malama, kin ce 'yan aji shida ne, kuɗin kuma ba yawa, kina son su yi nishaɗi su kuma ƙaru.

Ni dai Yankari zan ce, amma ki bari sai rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Lokacin ciyawa ta bushe, dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji, an fi dacen ganin giwa. Da damina sai ku yi ta zagaye ba ku ga komai ba sai gwaggon biri. Su kuwa ɓarayi ne na gaske, har leda suke fizgewa daga hannun yaro, don haka abinci ya zauna cikin mota. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ke cikin dajin, ɗumi gare shi, kusan digiri 31 kullum. Ki sa yara su taɓa, sannan ki tambaye su me ke ɗumama shi. Kada kowa ya shiga sai da babba a gefe.

In kuɗin mota ya gagara, ga kabarin Tafawa Ɓalewa nan cikin gari, darasin juyin mulkin 1966 da aka kashe shi a gabansu. Takardar amincewar iyaye kam, ki karɓa tun kafin ranar.