Amsa kan aikin bodin tifa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari tambayarka: an ba ka aikin bodin tifa biyar, za a karɓi ɗaya duk sati biyu, shin ka zuba ƙarfen duka yanzu ko ka bi tsarin Japanawa na kawo kaya sai lokacin buƙata.

To, tsarin nan Toyota ne suka raine shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarƙashin Taiichi Ohno. Mutane na ɗauka wai ya ce kada a ajiye komai. A'a. Lissafi ne daga ƙarshe zuwa farko. Ka kama ranar da Alhajin da ya ba ka aikin zai zo ɗaukar motarshi, ka dawo da baya: fenti da bushewa, a ce kwana 3, kafin nan ɗora bodi kan shasi da ɗaura jak, kafin nan walda, kafin nan yanka. Kowane kaya ya iso jajibirin aikinshi. Ka gane?

Kuma a babban aiki irin wannan, fili ke fara ƙarewa kafin kuɗi. Garejinka na hanyar Jibiya bodi biyu kawai yake ɗauka. In ka fara biyar tare, duk za su tsaya rabi-rabi, yara na tsallake ƙarfe, damina ta sa mashi tsatsa, babu wanda ya fita balle a biya ka. Gama ɗaya, fitar da shi, sannan na gaba ya hau wurin.

Amma fa kada ka kwafa ido rufe. Fallayen ƙarfe da waya ta walda, a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano suke, ka buga waya da safe su kwana Katsina, waɗannan a bi su sati-sati. Jak ɗin haidurolik da ke shigowa ta Legas kuwa, sayi biyar ɗin yau ka kulle a sito. Su kansu Toyota, a 1997 gobara ta tashi a masana'antar Aisin mai yi masu wani ɗan ƙaramin bawul na birki, layukan haɗa motocinsu suka tsaya kwanaki don ba su ajiye shi da yawa ba.

Saura tashin farashi, wanda na san shi ne ke cin ranka. Ni dai shawarata, biya kuɗin ƙarfen duka yanzu a rubuta maka rasit, kayan su zauna wurin ɗan kasuwar, kana aikawa ana ɗebo na bodi ɗaya. Sai dai ya zama mutumin da ka yarda da amanarshi. Turo min ranakun da kuka yi da Alhajin, in jera maka su a takarda bayan la'asar in sha Allah.