Dalilin da ya sa lokacin zuwa da na dawowa suka bambanta a tikitin Azores

Ɗana, ka tambaye ni yadda aka yi tikitin jirgin saman da ka yanka wa fasinja daga Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, zuwa Ponta Delgada ya nuna kamar zuwa awa ɗaya da rabi ne, dawowa kuma ya haura awa 3, alhali hanyar ɗaya ce. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba, kai ne ka ɗebe lokacin tashi daga lokacin sauka ba tare da ka duba agogon kowane gari ba.

Ponta Delgada tana kan tsibirin São Miguel, mafi girma a cikin tsibiran Azores guda 9 da ke tsakiyar tekun Atlantika. Duk da cewa yanki ne na ƙasar Fotugal, agogonsu yana bayan na Lisbon da awa ɗaya, rani da damina. Tunda kowane tikiti yana rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka baro, lokacin sauka kuma da agogon garin da aka isa, sai awa ɗaya ta ɓace a zuwa, ta ƙaru a dawowa. Idan ka mayar da ita mazauninta, za ka ga kowace tafiya awa 2 ce da 'yan mintuna, har ma zuwan ya ɗan fi daɗewa, domin iskar sama a wannan yanki yawanci daga yamma take kaɗawa, tana tare jirgin da ya nufi tsibirin, tana tura wanda ya nufi Lisbon.

Na san za ka ce lissafin bai cika ba, kuma da gaskiyarka. Nisan kimanin kilomita 1,450 ne, jirgi irin Airbus A320 kuma yana cin kusan kilomita 830 a awa, wato awa ɗaya da minti 45 ke nan. Sai dai wannan gudun ba ya samuwa sai jirgi ya kai ƙololuwar hawansa ya daidaita. Tsawon lokacin da kamfani ke rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga wurin da ya ɗauki fasinja har zuwa sa'ar da ya tsaya cik a ɗaya filin, saboda haka ya ƙunshi gangarawa zuwa titin tashi, da jiran izinin hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage, da hawa, da saukowa a hankali. Filin Humberto Delgado na Lisbon kuwa titin tashi ɗaya yake aiki da shi, ga cunkoso, shi ya sa jiran layi a can ba abin mamaki ba ne.

Idan fasinjanka zai sauya jirgi a Lisbon bayan ya baro tsibirin, ka yi lissafin tazarar da agogon Lisbon kaɗai, kuma ni dai ba na ba shi ƙasa da awa 2, domin hazo da iska kan jinkirta tashi daga Azores, musamman a watannin sanyi.