Tambaya da Amsa: Ko Ya Dace 'Yan Wasa Su Iya Kashe Gumakan Cikin Labari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne nake jan ragamar wasan Dungeons & Dragons ga abokaina huɗu, kuma mun kusa shekara biyu muna kan labari ɗaya. Yanzu jarumansu sun kai mataki na 18, sun dage sai sun kashe gunkin teku da na ƙaga musu, domin shi ya nutsar da garinsu tun a farkon labarin. Sai dai akwai guda a cikinsu wadda jarumarta take samun sihirinta daga wannan gunki, ita kuwa ba ta amince ba. Shin in ƙyale su, ko in ce musu gunki ya fi ƙarfin takobi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Saboda masu karatun da ba su san wasan ba, ya kamata a fara da cewa wasa ne na ƙaga labari, inda kowane ɗan wasa yake riƙe da jarumi ɗaya da ƙarfinsa ke ƙaruwa mataki-mataki, kuma gumakan da ake magana a kansu ƙagaggu ne, matsayinsu ɗaya da dodon tatsuniya, mai ba da labari ne yake raya su, shi ne kuma yake kashe su.

Tambayarka ta kusa kai wasan tsufa. Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da shi a 1974, bayan shekara biyu kuma kamfanin TSR ya buga wani ƙaramin littafi da ya bai wa gumakan tsofaffin almarori makin rai, wato lambar da ake ragewa da kowane sara har mai ita ya mutu, inda Odin ya sami 300. Manufar ita ce a kunyata masu alfahari da jaruman da suka wuce mataki na 40, amma reshe ya juye da mujiya, domin duk abin da aka rubuta wa adadi, 'yan wasa sun ɗauka ana iya ƙarar da shi. Littafin Deities & Demigods na 1980 ya ɗaga makin Zeus da Odin zuwa 400, wasu kuwa suka mayar da shi tamkar jerin namun dajin da za a fita farauta. Da bugu na biyu na wasan ya zo a 1989, sai aka sauya salo: gunki yana aiko jikin aro ne kawai, shi ake iya sara, ainihinsa kuwa yana can inda hannu ba ya kaiwa. A bugu na biyar na 2014 an bai wa Tiamat, gunkiyar dodanni mai kawuna biyar, maki 615, amma ko an ƙarar da su jikinta kaɗai yake rushewa, ita ta koma masaukinta ta jira wani lokaci.

Ra'ayina shi ne ka bar ƙofar a buɗe, amma kada mabuɗinta ya zama yawan sara. Idan mutum huɗu suka kewaye gunki suna jefa ɗan lido, kai kuma kana rage lamba a takarda har ta kai sifili, to abin da suka kashe ƙaton dodo ne kawai, kuma duk kwarjinin da ka shafe shekara biyu kana gina masa zai zube a zama ɗaya. A lissafin wannan wasa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, tun da kowane jarumi yana da nasa bugun a kowane zagaye, kuma masu mataki na 18 saura musu biyu su kai ƙololuwa.

Dubi yadda almarar mutanen arewacin Turai ta kashe gunkinsu Baldr. Mahaifiyarsa Frigg ta bi wuta da ruwa da ƙarfe da dutse da cututtuka, ta karɓi rantsuwarsu cewa ba za su cutar da ɗanta ba, amma ta raina kauci don ƙanƙantarsa, ta tsallake shi. Loki, makirin cikin gumakan, ya bi ta da dabara har ya gano wannan lago, ya danƙa reshen kauci a hannun Hod, ɗan'uwan Baldr makaho, ya saita masa hannu ya jefa. Duk daɗin labarin yana cikin neman sirrin ne, jifar kuwa sau ɗaya aka yi ta. Kai ma ka ƙaga wa gunkinka makasa irin wannan, wataƙila wani suna nasa da aka manta, ko alkawarin da ya taɓa karyawa, sannan ka warwatsa alamunta a zama biyar ko shida na gaba, ta yadda ranar da suka isa gare shi za su ji cewa guminsu ne ya kai su.

Sai kuma abin da zai biyo baya, wanda nan ne masu jan ragama da yawa suke yin sakaci. A Forgotten Realms, ɗaya daga cikin ƙagaggun duniyoyin wasan, an kashe gumaka uku, Bane da Bhaal da Myrkul, a labaran 1989, kuma mutuwar Bhaal ita ce harsashin wasan kwamfuta na Baldur's Gate da ya fito a 1998, inda jarumin yake ɗaya daga cikin 'ya'yan da Bhaal ya bari. Tambayi kanka tun yanzu wa zai gaji teku, yaya igiyar ruwa za ta kasance, kuma ina matuƙan jiragen da suke masa yanka za su dosa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun abokiyarku ya fi duk waɗannan nauyi. A ƙa'idar wasan, irin jarumarta daga gunki take karɓar ikon warkarwa, don haka ranar da ya faɗi za ta dubi takardarta ta ga rabin abin da ke rubuce ya zama banza, alhali sauran uku suna tafi. Ka keɓe da ita kafin zama na gaba, ka shimfiɗa mata zaɓi: ta tsaya ta kare shi, ko ta zama ita ce mai tona asirinsa, ko ta gaji wani yanki na ikonsa. Idan duka ukun ba su kwanta mata ba, to ka bar su su rushe jikin aron su kore shi daga tekun na shekara ɗari, sihirinta kuma ya ci gaba da zuwa mata, ko da a raunane.