Sun sauya lafazi, amma maganar Naira tana nan

Malam, tambayarka ta fama min tsohon miki. Ka ce tun da aka saki Naira a 2023 jarin shagonka yake narkewa, kana son sanin ko Bankin Duniya da IMF, asusun ba da lamuni na duniya, na yau su ne na zamanin SAP, shirin gyaran tattalin arziki na mulkin Babangida.

Lokacin ina aiki a wata masaƙa a Kakuri. A 1985 Babangida ya ce a yi muhawara kan bashin IMF, jama'a suka ce ba sa so, aka fasa karɓa, amma a 1986 sharuɗɗan suka shigo ta taga da sunan SAP. Nairar da ta fi Dala ta koma wajen huɗu a Dala ɗaya. Rini da kayan gyaran inji duk daga waje suke zuwa, sai aka fara rage ma'aikata. Ranar da abin ya zo kaina manajan nan ko ɗago kai bai yi ba. Yana kurɓar shayi ya turo min takarda da yatsa, wai in ajiye katina a bakin ƙofa. Ga iyalina da tsohon ciki. Kuɗin sallama kuwa sai da takalmina ya cinye kafin a ba ni rabi. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Canji kam akwai, ba zan yi musu ƙarya ba. Daga 1996 suka fito da shirin yafe wa ƙasashe matalauta bashi, Nijar ta amfana. Mu kuma a 2005 ƙungiyar Paris, ta ƙasashen da ke bin mu bashi, ta yafe mana Dala biliyan 18. Yanzu bakinsu bai rabo da talauci, karatun 'ya'ya mata da noman rani. Ƙanena ma a shirin Fadama, mai tallafin Bankin Duniya, ya samu injin ban-ruwa. Ga China ta shigo, kuɗinta ya gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna, ita ba ruwanta da tallafin manka. Amma a ƙyale Naira ta nemi farashinta, a cire tallafi, wannan karatun bai canza ba.

Kai dai kada ka ci bashi don cike shago yanzu. Ka riƙa sa farashi da kuɗin sari na gobe, ba na jiya ba. Littafin bashin 'yan unguwa ka rufe shi, ko za a ce ka yi rowa. Kuma don Allah ka je a auna jininka, abokan aikinmu da yawa hawan jini ne ya kwantar da su bayan sallama.