Panon sola a rufin mota: kada a yanke waya, kuma a bi tsari wajen kwancewa

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce ka sayi mota mai ɗakin kwana a ciki, irin tsofaffin Turai da ake saukewa a Kwatano, kana so a like rufinta a yi mata fenti kafin damina ta sauka, sai ga ƙaramin panon sola manne a samanta. Yaran gareji sun ce za su yanke wayar, in an gama su ɗaure ta. Kana tambaya ko a cire panon ko a bar shi.

Kada ka bari a yanke. Pano ba shi da makunni. Muddin rana na dukansa wuta yake bayarwa, ko motar a kashe take, ko an cire kan batir. Wanda ake kira na volt 12, in ka auna bakin wayoyinsa ba a haɗe da komai ba, za ka ga volt 20 zuwa 22. Wannan ba ta kashe mutum, amma in almakashi ya haɗa wayoyin biyu, ko bakin ɗaya ya taɓa wayar batir, tartsatsi ne, kuma regilater, akwatin da ke daidaita cajin batir, shi ke fara lalacewa. Ban da haka, wayar da aka yanke aka murɗe da hannu a saman rufi, rana ta gasa ta, ruwa ya jiƙa ta, ba ta shekara ba ta yi tsatsa ba.

Kafin komai, ka san abin da ke kanka. A bayan pano akwai takarda da ke nuna wat nawa ne da amfiya nawa yake bayarwa. In ba a iya leƙawa, a zura wayar hannu a ɗauki hoto. Sannan ka bi wayar daga inda ta shiga rufi har inda ta ƙare. Irin motocin nan batir biyu gare su: na tayar da inji, da na ɗaki mai ba fitilu da fanka da firji wuta, wanda sau da yawa yake ɓoye ƙarƙashin kujera ko cikin akwatin gado. Galibi panon na ɗakin yake ciyarwa, ta cikin regilater, ɗan akwatin nan mai alamar pano da ta batir da ta ƙwan fitila. To mai gyara ya cire kan batirin inji ya ce ya kashe wuta, alhali rabin motar na nan da wutarta. Ka ɗauki hoton regilater da wayoyinsa yadda suke, ka manna wa kowace waya takarda da alamarta, don ba kullum ja ke zama mai alamar ƙari ba a tsohuwar motar da ta bi hannaye da yawa.

Tsarin kwancewa shi ne zuciyar maganar. A fara rufe fuskar panon gaba ɗaya da kwali mai kauri ko bargo, a ɗaure don kada iska ta yaye shi. Sai a kwance wayoyin pano biyu daga regilater, a naɗe bakin kowace da tef daban. Bayan nan ne ake zare fiyus ɗin da ke kusa da batir, a cire kan batir, mai alamar ragi tukuna. Wajen mayarwa a juya: batir ya fara shiga regilater, a ga ya kama, sannan pano, sannan a yaye kwalin. Dalili kuwa, daga batir ne regilater ke gane ko tsarin na volt 12 ne ko na 24, kuma batir ne ke shanye wutar da pano ke turowa. In pano na turo wuta babu batir, wasu regilater suna ruɗewa su ɗauka 24 ne su dafa batirin daga baya, wasu kuma su ƙone nan take. In wayoyin suna da mahaɗin roba baƙi mai ƙugiya, wanda ake kira MC4, shi ma ba a raba shi ana cikin caji. Wutar batir da ta pano ba kamar ta gida ba ce, in ta yi tartsatsi tana riƙewa ta ƙona bakin ƙarfen.

In akwai walda a aikin, ko ƙarama ce, a cire batir biyun da regilater kafin mai walda ya maƙala wayarsa.

Game da cirewa ko bari, aikin ne zai faɗa. In fenti ne kawai a gefuna, a bar shi a wurinsa, a rufe gilashin da kwali da leda, a like gefen da kyau, don feshin fenti in ya sauka a gilashi ya bushe, kankare shi sai ya bar tabo. Amma tunda like rufi za a yi, ni dai a ganina a ɗaga shi. Yawancinsu suna zaune ne a kan ƙafafu huɗu ko shida na roba mai tauri ko alminiyom, ƙafafun an manna su a rufi da gam, panon kuma an ɗaure shi a jikinsu da kusoshi masu zare. A kwance kusoshin a ɗauke panon, a bar ƙafafun. In ka girgiza ƙafa da hannu ba ta motsa ba, gam ɗinta kuma bai tsage ba, ba ruwanka da ita. Wadda ta saki, kada a sa mata ƙarfe a ɓamɓare: rufin irin motocin nan falle ne siriri na alminiyom ko faiba a kan soso, zai lotse ko ya yage. A zura siririyar waya mai ƙarfi ƙarƙashinta, mutum ya riƙe bakin biyu yana ja kamar zarto har gam ɗin ya yanke. Saboda wannan siririn rufin ne kuma ake shimfiɗa katako kafin a hau, kuma ko kusa kada wani ya dafa gwiwa a kan panon. Ko gilashin bai fashe ba, ƙananan faya-fayan da ke ciki suna tsagewa ba a gani, wutar ta riƙa raguwa a rasa dalili.

Yoyon da ake ɗora wa pano, mafi yawan lokaci daga ramin da waya ta shiga rufi yake. Akwai ɗan murfin roba a kansa. Rana irin ta Maradi, wadda ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, tana busar da gam ɗin gefensa har ya tsattsage, ruwa ya bi waya ya je ya ɗiga can wani wuri daban, a yi ta like inda ba nan ba ne. A cire murfin, a kankare tsohon gam duka, a goge da alkol, a bari ya bushe. Fetur da tina suna cin roba da faiba, a nisanta su. Kuma a guji farin silikon ɗin nan na gilashin taga mai warin tsami. Yana sa ƙarfe tsatsa, fenti ba ya kama shi, sabon gam ma ba ya kama inda ya taɓa zama. Gam ɗin da ya dace shi ne na poliyuretan, kamar Sikaflex 221 don likewa da 252 don manna ƙafafu. A duba ranar lalacewarsa a jikin kwalba, don yana daskarewa in ya daɗe a shago cikin zafi. A ƙarƙashin ƙafa a bar kaurinsa ya kai milimita 2 zuwa 3. In aka danne shi ya zama kamar takarda, ba zai jure girgizar hanyar ƙasa ba.

Ga wani abin da ya shafe mu nan musamman. Irin wannan gam da laimar iska yake bushewa. A hunturu da bazara iskarmu a bushe take ƙaƙas, saboda haka samansa zai yi fata, cikinsa yana nan danye. A yi aikin da sassafe, cikin inuwa, rufin da sanyinsa, a kuma ba shi kwana biyu zuwa uku kafin motar ta hau hanya. Wanda ya manna yau ya kama hanyar Dakoro gobe, yana iya waiwayawa ya ga panonsa a ƙasa.

Wajen mayar da shi, a bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakaninsa da rufi don iska ta ratsa. Zafi yana rage masa ƙarfi, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri sama da 25, kuma da tsakar rana jikinsa yana wuce digiri 60. Kusoshin su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Wayar a ɗaure ta kada ta riƙa gogar rufi. In za a canza ta, mai kaurin milimita 4 murabba'i ta wadatar wa pano mai wat 100, wanda amfiya 5 zuwa 6 yake bayarwa. In kuma za a sa kariya ta kaya a sama, a lura da inuwa: faya-fayan a jere suke a sarƙe, galibi 36, igiya ko bakin buhu ya rufe ɗaya, wutar dukansu ta faɗi.

Kafin a haɗa, a auna panon a rana da mita. Volt 20 da ɗoriya, lafiya lau. In ya tsaya wajen 10, rabinsa ba ya aiki, a buɗe ɗan akwatin bayansa a duba. Bayan haɗawa, batirin da ya kwana ba caji ba aiki ya nuna 12.6 zuwa 12.7 in cike yake, da rana kuma ya hau zuwa wajen 14.4 kafin regilater ya sassauta shi zuwa 13.7 ko kusa. In ya wuce 15, a rufe panon nan take.

Ƙurar gareji da ta hunturu kuwa, kada a share ta a bushe, yashi ne, yana karce gilashi. Ruwa da tsumma mai laushi, da safe kafin gilashin ya yi zafi. In kuma motar za ta yi makonni a gareji, ka ɗauke batirin ɗaki ka kai gida wuri mai inuwa, ka riƙa auna shi, da ya sauka zuwa 12.4 a yi masa caji. In ya zauna a sauke cikin wannan zafin, ko an mayar da pano ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba.